ZUBAIDA MATAR HARUNA RASHID DA MATSAYIN MATAR SHUGABA A MUSULUNCI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi matar shugaban ƙasa, ko shi shugaban halifa ne, ko sarki, ko mai mulki irin na zamani. Ita dai ba a zaɓe ta ba, ba a yi mata mubaya'a ba, ba ta kuma yi rantsuwar kama aiki a gaban jama'a ba, amma sau da yawa maganarta takan riga ta waziri isa kunnen shugaba, domin waziri sai an yi masa iso, ita kuwa tana cikin gida. Saboda haka ya kamata Musulmi su san abin da addini ya ba ta da abin da ya hana ta. A cikin tarihin Musulunci kuwa da wuya a sami macen da rayuwarta ta tattara amfanin wannan matsayi da haɗarinsa kamar Zubaida, uwargidan Halifa Haruna Rashid, wadda Hausawa da yawa suka fara jin sunanta a cikin labaran Dare Dubu da Ɗaya, alhali kuwa tarihinta na gaskiya ya fi waɗancan labarai nauyi.

Abin da shari'a ta tanada

Malaman da suka yi rubutu a kan tsarin mulki sun lissafa muƙaman daula ɗaya bayan ɗaya. Imam Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira (1058), ya yi bayani a cikin littafinsa Ahkamus Sulɗaniyya a kan halifa, da waziri, da hakiman larduna, da sarkin yaƙi, da alƙali, da mai sauraron ƙarar zalunci, da amirul hajji, da mai karɓar zakka, da mai hisba. Bai buɗe babi ga matar halifa ba. Dalili kuwa a fili yake: aure alkawari ne tsakanin mutum biyu, shugabanci kuwa alkawari ne tsakanin shugaba da al'umma, kuma ɗaura na farkon ba ya ɗaura na biyun. Watau matar shugaba ba ta da ikon naɗa kowa ko tuɓe kowa, ba ta kuma da rabo a cikin Baitulmali fiye da na sauran matan Musulmi.

To, amma rashin muƙami bai hana ta ba da shawara ba, kuma hujjar wannan tana cikin gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A shekara ta 6 bayan Hijira (628), da aka ƙulla sulhun Hudaibiyya, sahabbai sun ji nauyin sharuɗɗan ƙwarai, har ya umurce su da su yanka hadayarsu su yi aski, ba wanda ya motsa saboda baƙin ciki. Sai ya shiga wurin Ummu Salama, Allah ya yarda da ita, ya gaya mata abin da ya faru. Ita kuwa ta ba shi shawarar ya fita kada ya yi wa kowa magana, ya yanka tasa hadayar, ya kira wanzami ya yi masa aski. Da ya yi haka sai sahabbai suka tashi suna rige-rigen koyi da shi. Bukhari ya ruwaito wannan. Abin lura a nan shi ne, ta faɗi maganarta a cikin ɗaki, ga mijinta shi kaɗai, kuma abin da ta nema shi ne kuɓutar da jama'a daga saɓa wa Manzo, ba ta nemar wa kanta ko danginta kome ba.

Alƙur'ani mai girma ya nuna cewa kusanci da shugaba ƙarin nauyi ne. A cikin Suratul Ahzab an ba matan Annabi zaɓi tsakanin ƙawar duniya da zama tare da shi a kan ƙuncin rayuwa, aka kuma sanar da su cewa ladansu ninki biyu ne, laifinsu ma haka. A ƙarshen Suratut Tahrim kuwa an buga misali da matar Annabi Nuhu da matar Annabi Luɗu, waɗanda auren annabawa bai amfane su ba, aka kuma buga misali da matar Fir'auna, wadda zama a fadar azzalumi bai ɓata imaninta ba. Ashe kowace mace da nata littafin za ta tashi.

Game da dukiya kuwa, Ɗabari ya kawo labarin Ummu Kulsum 'yar Sayyidina Ali, matar Halifa Umar ɗan Haɗɗabi. Ta aika wa matar Sarkin Rum da turare da 'yan kayan mata ta hannun manzon daula, ita kuwa waccan ta rama mata da kyauta mai yawa, har da abin wuya mai tsada. Umar ya riƙe kyautar, ya tara mutane ya nemi shawararsu. Waɗansu suka ce ai nata ne, tun da ramuwar abin da ta aika ne. Umar ya ce manzon da ya kai saƙon na Musulmi ne, hanyar aika saƙon ma tasu ce. Ya sa aka kai abin wuyan Baitulmali, aka mayar mata da gwargwadon abin da ta kashe. Wannan ita ce ƙa'idar: abin da aka ba mace domin kujerar mijinta, na masu kujerar ne, watau al'umma.

Gidan da Zubaida ta tashi

Sunanta na yanka Amatul Aziz, ana yi mata alkunya da Ummu Ja'afar. Kakanta Halifa Mansur, wanda ya gina birnin Bagadaza, shi ne ya laƙaba mata Zubaida tun tana ƙarama, watau 'yar curin man shanu, saboda kyanta da taushin jikinta. Mahaifinta Ja'afar ɗan'uwan Halifa Mahadi ne, mahaifin Haruna, saboda haka auren zumunci aka yi musu a shekara ta 165 (782). Haruna ya hau gadon mulki a shekara ta 170 (786).

Kafin Zubaida ta zama uwargidan halifa ta riga ta ga misali a gabanta, domin surukarta Haizuran, wadda kuma 'yar'uwar mahaifiyarta ce, ita ce mace ta farko da ta yi ƙarfi sosai a fadar Abbasiyawa. Haizuran baiwa ce daga Yaman, ta haifa wa Mahadi Musa Hadi da Haruna, daga baya ya 'yanta ta ya aure ta. A zamanin mijinta ƙofar gidanta ta zama kamar fada ta biyu, hakimai da sarakunan yaƙi suna yin layi da safe suna kawo bukatunsu. Da Mahadi ya rasu a shekara ta 169 (785) ɗanta Hadi ya hau, sai ta ci gaba da abin da ta saba. Wata rana ta nemi ya biya bukatar wani babban jami'i wanda ta riga ta yi wa alkawari, ya ƙi, ya kuma yi gargaɗin cewa duk hakimin da ya sake tsayawa a ƙofarta zai rasa kansa da dukiyarsa. Uwa da ɗa suka ɓata. Hadi ya rasu bayan shekara ɗaya da 'yan watanni a kan mulki, kuma har yau littattafan tarihi suna ɗauke da ruwayoyi iri biyu, waɗansu sun ce ciwo ne ya kashe shi, waɗansu sun ɗora wa mahaifiyarsa zargi. Haizuran ta yi ayyukan alheri, ciki har da mayar da gidan da aka haifi Annabi a Makka masallaci, amma wannan zargi ya bi sunanta fiye da shekara dubu. Mafarinsa kuwa buɗe ƙofar da shari'a ba ta buɗe ba.

Ruwan Makka da hanyar alhazai

Zubaida ta karkata ƙarfinta wajen aikin da ya dawwamar da sunanta. Makka gari ne a cikin kwari mai duwatsu, ruwan sama kaɗan ne, ga alhazai suna ƙaruwa kowace shekara. Ibn Hallikan ya kawo cewa ruwa ya yi tsada har salka ɗaya ta kai dinari guda. Zubaida ta je aikin hajji ta ga wannan da idonta, sai ta tara magina da masu ilmin awon ƙasa, ta umurce su da su jawo ruwa daga idanun ruwan da ke gindin duwatsun gabas da Makka. Mai kula da dukiyarta ya tsorata da yawan kuɗin da aikin zai ci, ta ce masa a yi, ko da kowane saran diga zai ci dinari.

Aikin ya kasu biyu. Aka jawo ruwa daga wajen Hunaini zuwa cikin Makka, aka kuma jawo wani daga kwarin Nu'uman zuwa Arfa, daga nan ya bi ta Muzdalifa har kusa da Mina. Dabarar da aka yi ita ce, aka gina magudanar ruwa da dutse, wani wuri a ƙarƙashin ƙasa, wani wuri a jikin dutse, aka karkata ta kaɗan kaɗan yadda ruwan zai gangara da kansa ba tare da an ɗebo shi ba. A kan hanya aka bar ramuka irin na rijiya domin iska ta shiga, ma'aikata kuma su riƙa sauka suna yashe yashi. Malaman tarihi sun ƙiyasta abin da ta kashe da dinari 1,700,000. Sarakuna da yawa sun gyara wannan magudana bayanta, har da Mihrima 'yar Sarkin Musulmi Sulaimanu na Daular Usmaniyya a ƙarni na 16, kuma alhazai sun sha ruwanta fiye da shekara dubu. Alhajin da ya duba gindin Dutsen Rahama a Arfa zai ga ragowar ginin.

Aiki na biyu shi ne hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, mai tsawon kilomita wajen 1,400 a cikin hamada. Adalci ya sa a faɗi cewa halifofin da suka gabata, Saffahu da Mansur da Mahadi, su ne suka fara kafa alamun nisa da hasumiyoyi da rijiyoyi a kanta. Amma abin da Zubaida ta ƙara ya yi yawa har hanyar duka ta ɗauki sunanta, ana kiranta Darbu Zubaida. Manyan zangunanta 27 ne, ban da ƙananan da ke tsakaninsu, Faidu kuwa shi ne zangon tsakiyar tafiya. A zangunan akwai rijiyoyi da masaukai da tafkunan da aka gina da dutse, waɗansu zagayayyu waɗansu masu kusurwa huɗu, da matakalar sauka. Da yawansu an yi musu ƙaramin kwarmi a gaba, inda ruwan ambaliya zai fara tsayawa laka ta kwanta, sa'an nan tataccen ruwa ya wuce cikin babban tafki. Matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubairu, ya bi hanyar a shekara ta 580 (1184), watau kusan shekara 350 bayan rasuwarta, ya rubuta cewa ba domin waɗannan tafkuna nata ba da hanyar ba ta biyuwa.

Har ila yau an ruwaito cewa tana da kuyangi ɗari mahaddatan Alƙur'ani, kowace da rabonta na karatu a kullum, har mai wucewa ta kusa da gidanta yakan ji amo kamar na ƙudan zuma.

Inda son ɗa ya shiga

Da tarihinta ya tsaya a nan, da darasin ya zo da sauƙi. Amma Haruna yana da 'ya'ya biyu da aka haifa a shekara ɗaya, watau 170. Abdullahi, wanda aka laƙaba wa Ma'amun, shi ne babba da wata shida ko bakwai, mahaifiyarsa ƙwarƙwara ce mai suna Marajil wadda ta rasu tun yana jariri. Muhammadu, wanda aka laƙaba wa Amin, shi ne ɗan Zubaida, Bahashime ta wajen uwa da uba. Zubaida da danginta suka tsaya a kan lalle ɗansu ne zai gaji mulki, har ɗan'uwanta Isa ɗan Ja'afar ya je wurin Falalu ɗan Yahaya na gidan Barmaka ya nemi goyon bayansa. A shekara ta 175 aka yi wa Amin mubaya'ar jiran gado yana ɗan shekara biyar, shekarun da ba a iya gane wanda ya fi cancanta.

Da yaran suka girma, hankalin Ma'amun da ilminsa suka bayyana, sai Haruna ya nemi gyara. Ya sa aka yi masa mubaya'a a matsayin magaji na biyu, ya ba shi ƙasar Hurasan ya riƙe ta da cikakken iko. A hajjin shekara ta 186 (802) ya sa su biyun suka rubuta alkawari suka yi rantsuwa, aka rataye takardun a cikin Ka'aba. Haruna ya rasu a garin Ɗus a shekara ta 193 (809). Ba a daɗe ba fadawa suka zuga Amin, musamman wazirinsa Falalu ɗan Rabi'u, ya sa sunan ƙaramin ɗansa Musa a cikin huɗuba, ya aika aka ɗauko takardun Ka'aba aka kekketa.

A nan an ga wani gefe na halin Zubaida. Da rundunar Amin za ta tashi zuwa Hurasan a shekara ta 195 (811), ta kira sarkin yaƙi Ali ɗan Isa ta yi masa wasiyya da ya girmama Ma'amun, kada ya wulakanta shi, ta ba shi sarƙar azurfa ta ce in har ɗauri ya zama tilas to da ita za a ɗaure shi. Tausayin ya zo, amma ya zo a makare, domin kibiya ta riga ta bar baka. Ɗahiru ɗan Husaini, sarkin yaƙin Ma'amun, ya karya rundunar a kusa da Rayyu, aka kashe Ali ɗan Isa. Daga baya aka kewaye Bagadaza fiye da shekara guda, aka rushe unguwanni da majaujawa da wuta, talakawa suka mutu ba adadi. A watan Muharram na shekara ta 198 (813) aka kashe Amin, aka aika wa ɗan'uwansa da kansa.

Ba daidai ba ne a ɗora wa Zubaida alhakin wannan yaƙi ita kaɗai, domin Haruna ne ya raba daula, Amin ne ya warware alkawari, fadawa ne suka hura wutar. Amma tubalin farko shi ne gabatar da yaro saboda darajar uwarsa, kuma da hannunta a ajiye shi. Ita ce kuma ta fi kowa ɗanɗana ɗacinsa. Abin da za a yaba mata shi ne yadda ta ƙare. An zuga ta ta fito neman fansar ɗanta, ta ƙi. Da Ma'amun ya shigo Bagadaza a shekara ta 204 (819) ta karɓe shi a matsayin ɗa, shi kuma ya mayar mata da dukiyarta ya girmama ta har ta rasu a shekara ta 216 (831). Da ta zaɓi fansa, da an sake zubar da jinin Musulmi a karo na biyu.

Wata hanyar dabam

Kafin Zubaida an yi wata mace wadda ta fi ta asali a gidan mulki, watau Faɗima 'yar Abdulmalik. Mahaifinta halifa ne, 'yan'uwanta huɗu, Walidu da Sulaimanu da Yazidu da Hishamu, duk sun yi halifanci, mijinta kuma shi ne Umar ɗan Abdul'aziz, wanda ya yi mulki daga shekara ta 99 zuwa 101 (717 zuwa 720). Da ya hau, ya ba ta zaɓi tsakanin zama da shi da riƙe kayan adon da mahaifinta ya ba ta, domin yana ganin asalinsu dukiyar jama'a ce. Ta zaɓe shi, aka kai kayan Baitulmali. Bayan rasuwarsa ɗan'uwanta Yazidu ya so ya mayar mata, ta ƙi karɓa, ta ce ba za ta yi wa mijinta biyayya yana raye ta saɓa masa bayan ya mutu ba. Faɗima ba ta bar tafki ko magudana ba, amma ba domin ita ba da gyaran da Umar ya yi ya karye tun daga cikin gidansa, gama shugaban da ake kukan talauci a kunnensa kowane dare da wuya ya tsare amanar Baitulmali da rana.

Abin da ya shafi wannan zamani

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 bai ambaci wani ofishi na matar shugaban ƙasa ba, kuma a wannan wuri ya dace da abin da malaman fiƙihu suka tafi a kai. Duk da haka al'ada ta kafa ofishin, musamman tun daga 1987 lokacin da Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara. A 1994 Maryam Abacha ta kafa shirin tallafa wa iyali, wanda a ƙarƙashinsa aka fara gina asibitin mata da yara da ya zama Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Abin da aka gani shi ne, shirin kowace uwargida yakan tafi tare da mulkin mijinta, sai dai abin da aka miƙa wa wata hukuma mai ɗorewa.

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ƙa'idodi huɗu. Ta farko, shawarar matar shugaba halal ce, wani lokaci ma wajibi ce, idan ta ga mijinta zai auka cikin zalunci, sharaɗinta kuwa ta kasance irin ta Ummu Salama, domin maslahar jama'a. Ta biyu, ƙofarta ba wurin neman muƙami ko kwangila ba ce. Mai zuwa da kyauta domin a yi masa hanya da mai karɓa duk sun shiga abin da Annabi ya tsawata a kansa lokacin da ma'aikacin zakka Ibn Lutbiyya ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa irin wannan gaisuwa cikin miyagun al'adun sarakuna a littafinsa Kitabul Farƙ. Ta uku, aikin alheri yana bukatar a san inda kuɗinsa ya fito. In nata ne, ladanta yana wurin Allah. In na gwamnati ne ko gudummawar jama'a, to amana ce, dole a rubuta a kuma yi bayani, kuma hanyar da Musulunci ya tanada domin aikin ya rayu bayan mai shi ita ce wakafi mai amintattun masu kula. Ta huɗu, batun magaji da naɗe-naɗe a bar wa cancanta da shawarar al'umma, domin son ɗa da son dangi halitta ne a zuciyar uwa, kuma su ne suka ja wa mace mai hankali da taƙawa kamar Zubaida abin da ta yi kuka a kansa har ƙarshen ranta.

Wannan magana ba ta tsaya ga fadar shugaban ƙasa ba. Ta haɗa da matar gwamna, da matar sarki, da matar hakimi, da matar shugaban ƙaramar hukuma, da matar duk wanda aka danƙa wa amanar jama'a komai ƙanƙantarta. Su kuma talakawa suna da nasu rabon laifin, domin layin da ke ƙofar Haizuran mutane ne suka kafa shi da ƙafafunsu.

Allah ya shiryi shugabannin Musulmi da iyalansu, ya ba su mashawarta na gari a ciki da wajen gida, ya jiƙan Zubaida da rahamarsa. Amin.